Ctrl-C, Ctrl-Z da rukunin firoses a Linux: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya daɗe yana aiki a taminal ɗin Linux ya taɓa cin karo da ɗayan ukun nan: manhaja ta ƙi mutuwa, ko ta mutu ba a so ba, ko ta sandare ba gaira ba dalili. Sau da yawa tushen abin ɗaya ne. Taminal ba da firoses guda yake magana ba, da rukuni yake magana, kuma da zarar ka gane wanda ke cikin wane rukuni, abin da ya yi kama da shirme sai ya koma ƙa'ida. Misalan da ke nan na bash ne a kan Linux. Inda zsh ko macOS suka sha bamban za a faɗa.

Na danna Ctrl-Z, manhajar ta ɓace daga allo. Ta rufe ke nan?

Ina! Tana nan daram, dakatar da ita kawai ka yi. Kanel, wato zuciyar Linux mai raba wa manhajoji aiki, ya daina ba ta lokacin aiki, amma duk abin da take riƙe da shi yana hannunta: RAM ɗin da ta ci, fayilolin da ta buɗe, makullin da ta sa, da tashar sadarwar da take saurare.

Gwada ka gani. Rubuta `python3 -m http.server`, za ta kama tasha ta 8000. Danna Ctrl-Z, bash zai nuna maka:

`[1]+  Stopped    python3 -m http.server`

Yanzu sake rubuta umarnin. Za ta faɗi da `Address already in use`, domin ta farkon ba ta saki tashar ba. In ka buɗe adireshin a burauza kuwa, ba za ta ce maka babu kowa ba, sai dai ta yi ta juyi, saboda kanel yana karɓar haɗin a madadin manhajar da ba za ta amsa ba. Haka yake faruwa da `apt`: mutum ya ga saukewa ta yi nisa, ya danna Ctrl-Z, can an jima ya dawo ana ce masa an kasa samun makullin `/var/lib/dpkg/lock-frontend`. Sai ya shiga intanet, wani ya ba shi shawarar ya goge fayil ɗin makullin. Kada ka goge. Rubuta `jobs` tukuna a taminal ɗin da ka yi aikin, mai makullin yana nan kwance. `fg` zai dawo da shi gaba ya ƙarasa aikinsa, `bg` kuma zai sa ya ci gaba a bayan fage.

In rufewa kake nufi, Ctrl-C ne naka.

Firoses, rukuni, aiki, zama: mene ne bambancinsu?

Firoses shi ne manhaja a lokacin da take gudana, kuma kowanne yana da lambarsa, PID. Kowane firoses yana cikin rukuni ɗaya tak, mai lamba PGID. Kowane rukuni yana cikin zama ɗaya tak, mai lamba SID. Zama kuma yana iya mallakar taminal guda ɗaya, ko ya zauna babu ko ɗaya.

Idan ka buɗe taminal ko ka shiga wata kwamfuta ta SSH, an buɗe sabon zama ke nan, shel ɗinka, wato manhajar da ke karɓar umarninka kamar bash, shi ne shugabansa. Kowace manhaja da ka kira, ko jerin manhajojin da ka haɗa da `|`, shel zai buɗe musu sabon rukuni. In ka rubuta `cat rajista.txt | grep Kano | sort`, firoses uku ne za su tashi, amma rukuninsu ɗaya, kuma lambar rukunin ita ce PID ɗin na farkonsu. Shi ake kira shugaban rukuni, sai dai shugabancin na suna ne, ba shi da iko a kan kowa. Yana iya gama aikinsa ya mutu, rukunin ya ci gaba da amsa lambarsa, kamar yadda ake ci gaba da kiran gida da sunan maigida shekaru bayan ya rasu. Muddin akwai saura ko da firoses ɗaya a ciki, kanel ba zai bai wa wani sabon firoses wannan lambar ba.

Shi kuwa "aiki", wanda `jobs` ke jerawa da lambobi 1, 2, 3, lissafin shel ne a littafinsa. Kanel bai san `%1` ba, rukuni kaɗai ya sani. Shi ya sa in ka buɗe taminal na biyu ka rubuta `jobs` ba za ka ga komai ba, alhali `ps -e` yana nuna maka su.

Me ya sa ake buƙatar rukuni? PID bai isa ba?

Bai isa ba, saboda umarni ɗaya ba kasafai yake tsayawa a firoses ɗaya ba. Ka ɗauki `make`: shi ka kira, amma shi ya kira shel, shel ya kira `gcc`, `gcc` ya kira nasa 'ya'yan. In ka danna Ctrl-C so kake duk su tsaya lokaci guda, kuma babu wanda ke riƙe da jerin sunayensu. Dabarar ita ce ɗa yana gadon rukunin mahaifinsa a lokacin `fork`, wato kiran da firoses ke yi ya haifi wani. Don haka duk zuriyar da umarninka ya haifa suna cikin rukuni guda ba tare da kowa ya yi komai ba, kuma sigina ɗaya, wato ɗan saƙon da ake aika wa firoses, ta ishe su.

Wa ke aika siginar idan na danna Ctrl-C? Shel ne?

Ba shi ba ne, kuma nan ne mutane da yawa suke ɓata hanya. A lokacin da umarninka ke gudana, shel barci yake yi yana jiran ya ƙare, bai ma ga abin da ka danna ba.

Ctrl-C harafi ne kamar sauran, lambarsa 3. Direban taminal da ke cikin kanel ne yake tsinto shi kafin ya isa wurin kowa, ya mayar da shi sigina SIGINT, ya aika wa dukkan firoses ɗin da ke cikin rukunin gaba. Ctrl-Z lambarsa 26, yana zama SIGTSTP. Ctrl-\ lambarsa 28, yana zama SIGQUIT. Rubuta `stty -a` za ka gan su a jere: `intr = ^C`, `susp = ^Z`, `quit = ^\`, kuma kana iya canza su in ka ga dama.

Taminal yana riƙe da lamba ɗaya ce kawai, wato lambar rukunin da ke gaba a yanzu. Aikin shel shi ne sauya wannan lambar: kafin ya saki umarninka zai miƙa masa taminal ta hanyar `tcsetpgrp`, in umarnin ya ƙare ko ya tsaya sai ya karɓe abinsa. Gaba da bayan fage ba su wuce wannan ba. `fg` yana miƙa taminal sannan ya aika SIGCONT. `bg` yana aika SIGCONT amma ya riƙe taminal.

Manhaja tana iya cewa direban ya daina fassara waɗannan haruffa ya miƙo mata su yadda suke. Haka `vim` yake yi, shi ya sa Ctrl-C ba ya fitar da kai daga cikinsa. In ka danna Ctrl-Z a `vim`, shi ne da kansa yake gyara allon sannan ya dakatar da kansa. Haka ma `ssh`: harafin yake turawa ta waya, direban taminal na can ne yake mayar da shi sigina.

Ta yaya zan ga waɗannan rukunoni da idona?

Rubuta `sleep 300 | cat &`, sannan `ps -o pid,ppid,pgid,sid,tpgid,stat,comm`. Lambobinka za su bambanta da waɗannan, amma tsarin ɗaya ne:

```
  PID  PPID  PGID   SID TPGID STAT COMMAND
 2210  2209  2210  2210  2388 Ss   bash
 2351  2210  2351  2210  2388 S    sleep
 2352  2210  2351  2210  2388 S    cat
 2388  2210  2388  2210  2388 R+   ps
```

Duba layin bash: PID, PGID da SID duk 2210 ne, shi ne shugaban zaman, ƙaramin `s` ɗin nan ma abin da yake nufi ke nan. `sleep` da `cat` mahaifinsu ɗaya, bash, ba ɗaya ne ya haifi ɗaya ba, amma rukuninsu 2351, lambar `sleep`. TPGID shi ne rukunin da ke riƙe da taminal, kuma a daidai lokacin da aka ɗauki wannan hoton `ps` ne da kansa, shi ya sa yake da alamar `+`. Firoses ɗin da aka dakatar zai fito da `T`.

Na tura aiki bayan fage da `&`, amma ya tsaya da kansa. Me ya faru?

Ya nemi karanta abin da kake rubutawa ne. Rukunin gaba kaɗai aka yarje wa karatu daga taminal, in ba haka ba manhajoji biyu za su riƙa wawashe haruffanka, wannan ya samu rabi wancan ya samu rabi. Duk ɗan bayan fage da ya gwada, kanel zai aika wa rukuninsa SIGTTIN, su tsaya gaba ɗaya. `jobs -l` zai nuna `Stopped (tty input)`. Yawanci kalmar sirri ce ake tambayarka, ko "kana so a ci gaba?". Yi `fg`, ka ba shi amsa, ka danna Ctrl-Z, ka yi `bg`. In kuwa ka san ba ya buƙatar komai daga gare ka, ƙara masa `< /dev/null` tun farko.

Rubutu kan allo ba a hana shi ba, shi ya sa aikin bayan fage ke watso maka layuka a tsakiyar abin da kake bugawa. `stty tostop` yana hana hakan: wanda ya gwada zai sha SIGTTOU. Akwai kuma abin da ake hanawa ko da `tostop` a kashe yake, wato canza saitin taminal daga bayan fage. Wannan ne ke kama manhajojin da ba su nemi karanta komai ba amma suka taɓa saitin da tashinsu.

Na rubuta `a; b`, na dakatar da `a`, sai kawai `b` ya fara. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne, amma yana iya yin ɓarna. Gwada `sleep 30; echo an gama`, ka danna Ctrl-Z: nan take za ka ga "an gama". A wurin bash, aikin da ya tsaya ya dawo masa da taminal, don haka sai ya wuce zuwa na gaba. Yanzu ka sa kwafar fayiloli a matsayin `a`, goge na asali a matsayin `b`, ka ga inda za a kwana.

Da `a && b` kuwa akasin haka ne: tsayawar tana dawo da lambar fita 148 a Linux, wato 128 da 20, lambar SIGTSTP. Tunda ba sifili ba ce, `b` ba zai gudana ba, kuma ko ka yi `fg` daga baya `a` ya ƙare lafiya, an riga an wuce `b`. Maganin duka biyun shi ne baka: `(a; b)` ko `(a && b)`. Bakan yana tayar da ƙaramin shel a cikin rukuni ɗaya da su, Ctrl-Z ya dakatar da shi tare da su.

Na aika `kill` ga firoses ɗin da na dakatar, bai mutu ba.

Wanda aka dakatar ba ya karɓar saƙo sai ya farka. SIGTERM ɗinka tana nan a ajiye tana jiransa. Aika masa `kill -CONT` da lambarsa, zai farka ya tarar da ita ya mutu. In ka yi amfani da `kill %1`, bash ya san aikin a tsaye yake, zai haɗa masa da SIGCONT da kansa. SIGKILL kaɗai ce ba ta jiran farkawa, amma ita ba ta barin manhaja ta share bayanta, don haka a bar ta sai an rasa yadda za a yi.

Ka riƙa kiran sigina da sunanta. Lambobi irin su 1, 2, 9 da 15 ba sa canzawa, amma na dakatarwa suna canzawa: a Linux na kwamfutocin da muka saba da su 19 ita ce SIGSTOP, a macOS da FreeBSD kuwa 19 ita ce SIGCONT.

Mene ne bambancin SIGSTOP da SIGTSTP?

SIGTSTP roƙo ne, manhaja tana iya tare ta ko ta yi biris da ita. SIGSTOP ba a tare ta, kamar SIGKILL.

Yaya zan kashe rukuni gaba ɗaya?

Sa alamar ɗebewa a gaban lambar rukunin: `kill -TERM -- -2351`. Layuka biyun nan na tsakiya suna hana `kill` ɗaukar lambar a matsayin zaɓi. `pkill -g 2351` ma yana yin haka. Lambobi biyu suna da ma'ana ta musamman. `kill 0` yana nufin rukunin da mai aikawar yake ciki. Lamba `-1` kuwa tana nufin duk firoses ɗin da kake da ikon taɓawa, kuma in a matsayin root ka rubuta ta, ka kwashe kusan komai a kwamfutar.

Masu rubuta manhaja su ne suka fi shan wahalar wannan. Ka tayar da umarni daga Python da `shell=True`, lokacinsa ya ƙare, ka kira `kill()`. Shel ɗin ya mutu, amma ainihin mai aikin, jikanka, yana nan yana cin RAM. Gyaran shi ne ka ba shi nasa zaman tun farko da `start_new_session=True`, sannan ka kashe da `os.killpg`. Daga Python 3.11 akwai `process_group=0` in sabon rukuni kawai kake so. Sai dai ka sani, da zarar ka fitar da shi daga rukuninka, Ctrl-C ɗin mai amfani ba zai ƙara isa gare shi ba, kai ne za ka riƙa isar masa.

Netwok ya ɗauke ina cikin SSH, aikina ya mutu. Yaya zan hana haka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mai aiki da datar waya ko wanda wuta ke ɗauke masa rauta. Ga abin da ke faruwa. Idan `sshd`, manhajar da ke karɓar SSH a uwar garke, ya gane ka tafi, zai rufe nasa ɓangaren taminal ɗin. Kanel zai aika wa shugaban zama SIGHUP, siginar da aka gada tun zamanin da ake shiga kwamfuta ta layin tarho. Bash kafin ya mutu zai bi ayyukansa ɗaya bayan ɗaya ya tura musu ita, na gaba da na baya, ya kuma tashi waɗanda aka dakatar don su karɓa. Manhajar da ba ta yi wani tanadi ba mutuwa take yi.

Ba lallai ne hakan ya faru nan take ba. In layin ya yanke shiru, uwar garken ba ta san ka tafi ba sai ta yi ƙoƙarin turo maka wani abu ta kasa, ko lokacin bincikenta ya cika, kuma a saitin Linux na asali TCP yana jira daƙiƙa 7200 kafin ya fara tambayar ko kana nan. Shi ya sa wani lokaci za ka sake shiga ka tarar da tsohon aikinka yana gudana, amma ba ka da hanyar komawa cikinsa.

Hanyoyin kariya huɗu ne, kuma ba matsayinsu ɗaya ba. `nohup umarni &` yana sa a yi biris da SIGHUP, ya karkatar da fitarwa zuwa fayil `nohup.out`. Aikin yana nan cikin zamanka, kunnensa kawai aka toshe, kuma manhajar da ta ga dama tana iya buɗe kunnenta da kanta, dabarar ta rushe. `disown` na wanda ya riga ya fara aiki ne sannan ya tuna: Ctrl-Z, `bg`, `disown`. Yana goge aikin daga littafin bash don kada ya tura masa SIGHUP, amma bai canza inda yake rubutu ba, kuma ranar da ya nemi rubutu a taminal ɗin da ya mutu zai gamu da kuskure. `setsid umarni` yana fitar da shi zuwa sabon zama marar taminal, babu ma wanda zai aiko masa da siginar.

Na huɗun shi ne wanda nake ba kowa shawara: `tmux`, ko yayansa `screen` wanda yake nan tun 1987. Su suna buɗe nasu taminal ɗin a kan uwar garken, shel ɗinka ya zauna a ciki. Yankewar SSH ba ta taɓa wannan taminal ɗin, don haka babu SIGHUP, babu ɓatan fitarwa, kuma in ka dawo `tmux attach` zai mayar da kai daidai inda ka tsaya, har da tambayar da manhajar ke jiran ka amsa. Mai sabunta tsarin uwar garke ta layin da ba shi da tabbas, ya fara buɗe `tmux` kafin ya taɓa `apt`. Abin da kuma ake so ya riƙa gudana kullum, ko da an sake kunna kwamfutar, ba na ɗayan huɗun nan ba ne, sabis ɗin systemd ya kamata a rubuta masa.

To me ya sa in na fita da `exit` aikin bayan fage ba ya mutuwa?

Domin fita da kanka daban, yankewa daban. Bash ba ya tura SIGHUP ga ayyukan da ke gudana a baya idan ka rubuta `exit`, sai in ka kunna zaɓin `huponexit`. Zsh kuwa yana turawa, bayan ya gargaɗe ka. In akwai aikin da aka dakatar, bash zai ce `There are stopped jobs.` ya ƙi fita. Ka sake rubuta `exit` zai fita, su kuma su mutu.

Mene ne rukuni maraya?

Rukunin da ba shi da sauran mai kula da shi a cikin zamansa: babu ko ɗaya daga cikin 'yan rukunin da mahaifinsa ke wani rukuni na wannan zaman. A aikace, shel ɗin da ya tayar da su ya mutu. Matsalar ita ce in akwai wanda aka dakatar a ciki, babu mai yi masa `fg` har abada. Saboda haka POSIX, ma'aunin da dangin Unix ke bi, ya ce a daidai lokacin da rukuni ya zama maraya, in akwai dakatacce a cikinsa, a aika wa dukkansu SIGHUP sannan SIGCONT. Kuma daga nan kanel ba zai ƙara dakatar da su saboda taminal ba: wanda ya nemi karatu zai samu kuskuren EIO a maimakon SIGTTIN.

Na danna Ctrl-C a kan sikirif ɗina, ya mutu, amma abin da ya tayar da `&` yana nan.

A cikin sikirif, sarrafa ayyuka a kashe yake. Shel ba ya buɗe wa kowane umarni rukuni, kowa yana cikin rukunin sikirif ɗin. Da haka, da Ctrl-C zai kashe har na bayan fage, don haka ƙa'ida ta ce umarnin da aka tayar da `&` a irin wannan shel ya yi biris da SIGINT da SIGQUIT. Siginar ta isa gare shi, shi ne bai kula ta ba.

Ka ajiye lambarsa daga `$!` da zarar ka tayar da shi, ka sa `trap` da zai aika masa SIGTERM lokacin fita. Za ka ga ana yawo da `trap 'kill 0' EXIT` a matsayin gajeriyar hanya. Tana aiki in daga taminal ka kira sikirif ɗin, domin rukunin nasa ne shi kaɗai. In wani sikirif ne ko `make` ya kira shi, rukuninsu ɗaya, kuma zai tafi da wanda ya kira shi. `set -m` yana kunna sarrafa ayyuka a cikin sikirif, kowane aiki ya samu rukuninsa.

Mene ne ma'anar `no job control in this shell`?

Bash ya tashi bai samu taminal ɗin da zai mallaka ba. Ana yawan ganinsa a shel ɗin ceto lokacin da kwamfuta ta kasa tashi, ko a cikin kwantena da aka shiga ba tare da taminal ba. Umarni za su gudana, amma `fg` da `bg` ba za su yi ba. Ga Docker ƙara `-it`, ga SSH ƙara `-t`. Na SSH ɗin yana da muhimmanci: `ssh uwargarke umarni` ba ya buɗe taminal a can, don haka Ctrl-C ɗinka `ssh` na nan kawai yake kashewa, umarnin na can ya ci gaba da harkarsa.

Ina rubuta ƙaramin shel don aikin makaranta. Ina ake yawan faɗuwa?

Wuri huɗu. Na farko, `setpgid` sau biyu ake kiransa, uwa ta kira, ɗa ma ya kira, domin ba ka san wanda zai riga wani gudana bayan `fork` ba. In uwa ce kaɗai ta kira, ɗan yana iya riga ta yin `exec`, kiran nata ya faɗi da EACCES. In ɗa ne kaɗai, uwa tana iya miƙa taminal ga rukunin da bai wanzu ba tukuna. Na biyu, shel ɗinka dole ya yi biris da SIGTTOU, domin lokacin da yake karɓe taminal shi kansa ɗan bayan fage ne, kuma zai dakatar da kansa. Na uku, birisin nan ana gadonsa har bayan `exec`, don haka ɗa ya mayar da SIGINT, SIGQUIT, SIGTSTP, SIGTTIN da SIGTTOU yadda suke na asali kafin ya yi `exec`, in ba haka ba za ka samu umarnin da Ctrl-C ba ya kashewa. Na huɗu, `waitpid` sai da `WUNTRACED`, in babu shi ɗan zai tsaya shel ɗinka ya yi ta jiran mutuwarsa, taminal ya sandare.

Ka kuma ajiye saitin taminal da `tcgetattr` kafin ka miƙa shi, ka mayar bayan ka karɓa. Manhajar da ta mutu a tsakiyar tambayar kalmar sirri takan bar shi ba ya nuna abin da ake bugawa.

Daga ina wannan tsari ya samo asali?

Unix na farko yana da `&`, amma babu dakatarwa, babu dawo da aiki gaba. Jim Kulp, wanda a lokacin yake aiki a cibiyar IIASA da ke Ostiriya, shi ya fara sa sarrafa ayyuka a cikin `csh`, shel ɗin da Bill Joy ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, kuma ya yaɗu tare da 4.1BSD na 1981. A lokacin allo ɗaya mutum yake da shi, babu tagogi, don haka ikon ajiye edita a gefe ka haɗa manhaja ka dawo ba ƙaramin abu ba ne. KornShell na Bell Labs ya ɗauka. Ma'aunin POSIX na 1988 ne ya kawo zama da `setsid` a siffar da muke amfani da ita yau.

Firoses zai iya tserewa daga rukuninsa?

Cikin sauƙi. Kira ɗaya na `setpgid` ko `setsid` ya ishe shi, ba ya buƙatar izinin kowa. Da ma haka manhajojin da ke zama a bayan fage na dindindin suke yi tun da: su yi `fork`, uwar ta mutu, ɗan ya kira `setsid`, tunda shugaban rukuni ba a yarda ya kira shi ba. Don haka rukuni ba shinge ba ne, yarjejeniya ce tsakanin manhajoji masu ladabi.

Mai son shinge na gaske sai cgroups, wato wasu rukunonin da kanel ke tsare firoses a ciki, waɗanda injiniyoyin Google suka fara kuma suka shiga Linux 2.6.24 a 2008. Firoses marar gata ba ya fita daga cikinsu don ya ga dama, kuma duk abin da ya haifa a ciki yake zama. A kansu systemd ya dogara: `systemctl stop` yana bin duk wanda ke cikin cgroup ɗin sabis, ko sau nawa ya canza zama. Docker ma da su yake iyakance RAM da ƙarfin kwantena.

Windows fa?

Tsarinsa daban ne. A tagar umarnin Windows Ctrl-Z alamar ƙarshen shigarwa ce, aikin da Ctrl-D ke yi a Linux, ba ya dakatar da komai. Akwai rukunin firoses, amma amfaninsa bai wuce isar da Ctrl-C da Ctrl-Break ba. Abin da ake tara firoses a ciki a kashe su tare ko a iyakance musu RAM shi ne Job Object, wanda ya zo da Windows 2000, kuma ya fi kusa da cgroups fiye da rukunin Unix. In kana cikin WSL kuwa, wato Linux ɗin da ke gudana a cikin Windows, duk abin da aka faɗa a sama yana aiki yadda yake.